Mudu Biyu a Kasuwar Ƙwallo

A ranar 20 ga watan Janairun 2024, ɗan wasan gaba na ƙungiyar Brentford, Ivan Toney, ya koma fili bayan zaman wata takwas da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta ɗora masa saboda caca. An ɗaura masa ƙyallen kyaftin, ya kuma jefa ƙwallo a ragar Nottingham Forest. Duk wanda ya kalli wasan, a Landan ne ko a gidan kallo a Maraɗi ko a zangon Kumasi, ya ga abin da ke rubuce ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigarsa: Hollywoodbets, sunan wani kamfanin caca na Afirka ta Kudu. Mutumin da likita ya tabbatar wa kwamitin ladabtarwa cewa caca ta zame masa ciwo, shi aka mayar allon tallar caca tun ranar da ya dawo.

Kada mai karatu ya ɗauka wanke Toney muka zo yi. Da bakinsa ya amsa cewa ya karya dokar caca sau 232 tsakanin 2017 da 2021, kuma a ciki har da wadda ya yi a kan cewa ƙungiyarsa za ta sha kashi, ko da yake bai buga waɗancan wasannin ba. Dokar kanta tana da hujja mai ƙarfi, domin ranar da ƴan kallo suka fara zargin cewa ɗan wasa yana da riba a faɗuwar ƙungiyarsa, ranar ƙwallo ta zama wasan kwaikwayo. An ci shi tarar fam 50,000, an hana shi wasa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma a yawancin shekarun da yake wannan caca, gasannin ƙananan rukunai da yake bugawa sunan kamfanin Sky Bet suke ɗauke da shi. Kamfanonin caca sun cika riguna, sun cika allunan gefen fili, sun cika tallar hutun rabin lokaci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ita ce ƙofar da muke son mu shiga maganar ta cikinta. Manyan gasannin duniya sun ba kansu ikon hukunta ɗan wasa a kan abin da ya aikata a gidansa, ko a titi, ko a wayarsa. Muna ganin wannan iko ya halatta, za mu kuma zo kan dalili. Abin da bai halatta ba shi ne mudun da ake awo da shi. Idan aka jera hukunce-hukuncen nan gefe da gefe, za a tarar nauyin laifi ba shi ne yake tsara nauyin horo ba. Abin da yake tsara shi shi ne girman asarar da masu gasar suke hange: wane ne ya gani, wane kamfani ne zai janye kuɗinsa, nawa ne darajar ɗan wasan a kasuwa.

Inda wannan al'amari ya fi fitowa fili shi ne Amurka, a gasar NFL, wato ƙwallon nan nasu da ake runguma a ruga da shi. Ba wasanmu ba ne, amma darasinsa ya shafi kowace gasa. A watan Fabrairun 2014, wani ɗan wasan Baltimore Ravens mai suna Ray Rice ya naushi budurwarsa da ya yi wa alkawarin aure har ta suma, a cikin lif, ɗakin nan da ke hawa da sauka da mutane a dogayen benaye, a wani gidan caca na birnin Atlantic City. Tun a lokacin duniya ta ga faifan bidiyon da ya nuna shi yana jan ta a sume daga cikin lif ɗin. Shugaban gasar, Roger Goodell, ya zauna da shi, ya saurare shi, a watan Yuli ya yanke masa dakatarwar wasa biyu cikin wasanni 16 na kakar. A daidai wannan lokaci wani ɗan wasan, Josh Gordon, yana fuskantar dakatarwar shekara guda cur saboda tabar wiwi, kafin daga baya a rage ta zuwa wasa goma. Wanda ya cuci kansa ya ninka wanda ya sumar da mace sau biyar a horo.

Jama'a suka yi ca. A watan Agusta Goodell ya fito ya ce bai yi daidai ba, ya kafa sabuwar ƙa'ida ta wasa shida ga duk wanda ya doki iyalinsa karo na farko. Sai kuma ranar 8 ga Satumba shafin TMZ ya saki faifai na biyu, wanda aka ɗauka a cikin lif ɗin, inda ake ganin naushin kansa. Kafin rana ta faɗi ƙungiyarsa ta sallame shi, gasar kuma ta dakatar da shi sai illa ma sha Allahu. To me ya sauya tsakanin Yuli da Satumba? Naushin bai ƙaru ba, matar ba ta ƙara suma ba. Gani ne ya kori ji. Da Rice ya ɗaukaka ƙara, tsohuwar alƙaliyar tarayya Barbara Jones ta soke dakatarwar ta biyu a watan Nuwamba, bisa dalilin cewa bai ɓoye wa Goodell abin da ya faru ba, don haka an hukunta shi sau biyu a kan laifi guda. A wannan shari'a ɗaya gasar ta zalunci matar da sassaucin farko, ta kuma karya ƙa'idarta da tsananin baya. Rice bai sake buga wasa a gasar ba har yau, kuma ba a rasa masu lura da cewa tun kakar da ta gabata ƙarfinsa ya fara ja baya. Da yana kan ganiyarsa, Allah kaɗai Ya san ko da ƙofar ta rufu ruf haka.

Shekara takwas bayan haka aka samu abin gwadawa. Mata fiye da 20 suka shigar da ƙarar Deshaun Watson a kotu, suna zargin sa da cin zarafi a lokacin da suke yi masa tausa. Ya musanta, kuma kwamitoci biyu na masu taya alƙali bincike a jihar Texas sun ƙi amincewa a gurfanar da shi da laifin da ake ɗauri a kansa. Ana cikin haka ƙungiyar Cleveland Browns ta ba shi kwantiragin dala miliyan 230, kuɗin da babu abin da zai hana a biya shi. Tsohuwar alƙaliya Sue Robinson, wadda gasar da ƙungiyar ƴan wasa suka naɗa tare, ta gamsu cewa ya karya dokar ɗa'a, ta ba shi wasa shida, domin iyakar abin da hukunce-hukuncen baya suka ba ta dama ke nan. Gasar ta ɗaukaka ƙara, aka ƙare da sulhu a watan Agustan 2022: wasa 11 da tarar dala miliyan 5. A wannan kakar dai Calvin Ridley ya zauna wasa 17, kaka guda sukutum, saboda cacar da ya ce ba ta wuce ta dala 1,500 ba, wadda ya yi lokacin da ba ya ma tare da ƙungiyarsa. Shekara guda kafin nan gasar ta ƙulla cinikin talla da kamfanonin caca uku, Caesars da DraftKings da FanDuel.

Tushen matsalar yana cikin tsarin kansa. Shugaban gasar ma'aikacin masu ƙungiyoyi 32 ne. Su suke ɗaukar sa, su suke biyan sa, aikinsa na farko kuwa shi ne kare musu jari. Shekara da shekaru shi ne mai tuhuma, shi ne mai yanke hukunci, shi ne kuma mai sauraron ɗaukaka ƙara ko mai zaɓen wanda zai saurara. Ko bayan gyaran da aka yi a 2020, ɗaukaka ƙarar kan teburinsa take komawa. A kowace kasuwa tamu an san cewa ba a barin mai hatsi ya zama shi ne mai riƙe da mudu kuma shi ne sarkin kasuwa. Da aka zo kan masu gidan kansu ma sai awon ya sake fasali. Lokacin da aka binciki yadda ake cin zarafin mata ma'aikata a ƙungiyar Washington ta Dan Snyder, ba a fitar da rubutaccen rahoto ba a 2021, tarar dala miliyan 10 kawai aka sanar. Tarar dala miliyan 60 da aka ci shi daga baya ta zo ne a watan Yulin 2023, a ranar da aka amince ya sayar da ƙungiyar a kan dala biliyan 6 da ɗoriya. Ɗan wasa ana karanta laifinsa a bainar jama'a, mai gida kuwa a raɗa ake faɗar nasa.

Mu dawo Ingila, inda zukatan ƴan kallonmu suke. A can lamarin ya ma fi na Amurka rashin fasali, domin idan aka zargi ɗan wasa da babban laifi a wajen fili, kowace ƙungiya aka bar wa ta yi abin da ta ga dama. Manchester City ta dakatar da Benjamin Mendy a watan Agustan 2021 da aka tuhume shi da fyaɗe, ta kuma tsayar da albashinsa. Bayan shari'a biyu kotu ta sallame shi daga dukkan tuhume-tuhumen a 2023, sannan a watan Nuwamban 2024 kotun ma'aikata ta ce sai ƙungiyar ta biya shi mafi yawan albashin da ta riƙe, ban da na watannin da ya yi a tsare saboda saɓa sharaɗin beli. Arsenal kuwa ta ci gaba da sa Thomas Partey, ɗan Ghana, a wasa tsawon shekarun da ƴan sanda suka yi suna bincike tun 2022, aka kuma tuhume shi a farkon watan Yulin 2025, kwanaki kaɗan bayan ƙarewar kwantiraginsa. Ya musanta zargin, kuma kotu ce mai faɗar gaskiyar lamarin. Ba muna gwada laifin wani da na wani ba ne, domin matakin tuhuma dabam, matakin bincike dabam. Abin lura shi ne babu wata rubutacciyar ƙa'ida ta gasa da ta gaya wa ƙungiyoyin biyu inda layin yake. Kowa ya ja nasa layin inda ya dace da bukatarsa.

Shari'ar Mason Greenwood ce ta fi tona wannan asiri. An kama shi a watan Janairun 2022 bayan wasu hotuna da murya sun bazu a intanet. A watan Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar, saboda manyan shaidu sun janye kuma an samu sababbin bayanai. Manchester United ta shafe wata shida tana binciken cikin gida, kuma shugabannin ƙungiyar ne masu binciken, su ne kuma masu dukiyar da ake bincike a kanta. Da labari ya fita cewa ana shirin mayar da shi, magoya baya da ƙungiyoyin kare mata suka tashi tsaye, sai a watan Agusta aka sanar cewa zai tafi. Sanarwar ta ce ƙungiyar ta gamsu bai aikata abin da aka tuhume shi da shi ba, amma dai ba zai sake buga mata ba. Aka ba da shi aro ga Getafe a Sifaniya, aka sayar da shi ga Marseille ta Faransa a 2024 a kan fiye da fam miliyan 20. In bai yi ba, me ya hana shi sa rigar? In kuwa ya yi, ta yaya kuɗin cinikinsa ya halatta a aljihu? Ba a amsa ko ɗaya ba, domin tambayar da aka zauna a kanta tun farko ita ce wace hanya ce ta fi ƙarancin asara.

Kuma kada a ce hukumar ƙwallo ba ta da ikon yin nata binciken bayan kotu ta gama. A 2012 kotu ta wanke John Terry daga zargin zagin Anton Ferdinand da kalmar wariyar launin fata, amma hukumar ta zauna da nata kwamiti, da nata ma'aunin hujja wanda bai kai na kotu tsauri ba, ta dakatar da shi wasa huɗu da tarar fam 220,000. Ashe idan an so, ana iyawa.

Maganar baki ma haka take. A daminar 2024 ƴan wasa biyu daga Kudancin Amurka, dukansu na ƙungiyoyin Landan, suka yi ɓaranɓarama. Rodrigo Bentancur na Tottenham ya yi wata magana a talabijin ɗin Uruguay a kan kamannin mutanen Koriya, yana nufin abokin wasansa Son Heung-min, aka ba shi wasa bakwai da tarar fam 100,000. Enzo Fernández na Chelsea ya yaɗa kai tsaye a Instagram wata waƙa da ke yi wa ƴan wasan Faransa ƴan asalin Afirka gori, har abokin wasansa Wesley Fofana ya fito ya yi tir. Hukumar Ingila ba ta taɓa shi ba, domin a lokacin yana bakin aikin ƙasarsa, hurumin kuma na FIFA ne. Ya nemi afuwa, ya kuma shiga wasan farko na kakar da ƙyallen kyaftin a hannu. A Jamus kuwa ƙungiyar Mainz ta kori Anwar El Ghazi a watan Nuwamban 2023 saboda abin da ya rubuta a kan Gaza, sai da kotun ma'aikata ta ce a watan Yulin 2024 korar ba ta bisa doka. Shi Kurt Zouma, da faifan da yake harbin kyanwarsa ya fito a watan Fabrairun 2022, West Ham ta sa shi a wasa washegari, daga baya aka ci shi tarar albashin mako biyu, kamfanoni kuma suka fara janye jiki. Mu da muka tashi da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba za mu raina wannan laifi ba. Amma abin da ya motsa ƙungiyar ba kukan kyanwar ba ne.

Akwai masu cewa, tunda abin ya rikice haka, gara gasa ta tsame hannunta baki ɗaya: abin da ya faru a fili nata ne, abin da ya faru a waje na ƴan sanda da alƙalai. Maganar tana da daɗin ji, amma ba mu yarda da ita ba. Albashin da ake biyan waɗannan samari ba na ƙafa kaɗai ba ne, har da na suna da na fuska. Yaro a Damagaram ko Garwa yana aske kansa irin na gwaninsa, yana tafiya irin tasa, yana rubuta sunansa a bayan riga. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban da haka, kotu tana neman hujjar da ba ta bar shakka, kuma laifin da ake yi a ɗaki daga mutum sai mutum ba kasafai yake barin irin wannan hujja ba. Matar da ta kai ƙarar shahararren ɗan wasa tana fuskantar lauyoyinsa, tana fuskantar dubban magoya bayansa da ke farautar sunanta a intanet. Idan gasa ta ce ba ruwanta sai kotu ta ɗaure mutum, to ta zaɓi ɓangare ke nan ba tare da ta faɗa ba. A ɗaya gefen kuma, rayuwar ɗan wasa a fili gajeruwa ce. Shekara biyu da Mendy ya yi a zaune babu kotun da za ta mayar masa da su. Dukansu biyu, mai ƙara da wanda ake ƙara, suna da haƙƙin da tsarin yanzu yake takewa, kowa ta nasa gefen.

Abin da ake bukata ba gagarabadau ba ne, kuma an riga an gwada shi. A 2015 gasar ƙwallon gora ta Amurka, MLB, ta zauna da ƙungiyar ƴan wasanta suka rubuta ƙa'ida a kan dukan iyali da cin zarafi. A ƙarƙashinta ana iya ɗage ɗan wasa daga fili yana karɓar albashinsa yayin da ake bincike, don kada a ce an hukunta shi kafin shari'a, kada kuma mai ƙara ta riƙa ganin ana yi masa tafi duk mako. Idan aka yanke hukunci, akwai mai sasantawa mai zaman kansa da zai duba. Haka aka yi da Trevor Bauer: gasar ta ba shi wasa 324, mai sasantawa ya rage zuwa 194 a watan Disamban 2022. Ana iya jayayya a kan adadin, amma an san dokar tun kafin laifin, kuma wanda ya yi maganar ƙarshe ba yaron masu ƙungiyoyi ba ne. Da za a ƙara da wallafa dalilan hukunci kowa ya karanta, kamar yadda hukumar Ingila ta yi a shari'ar Toney, a kuma sa masu ƙungiyoyi da shugabanni cikin wannan doka guda, da an rage rabin ɓarnar.

Wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. Ƴaƴanmu suna fita daga makarantun ƙwallo na Afirka ta Yamma suna tafiya Turai da ƙananan kwantiragi, ba su da manyan lauyoyi, ba su da dangi a kusa. Inda babu rubutacciyar ƙa'ida, darajar kasuwa ce garkuwar ɗan wasa, kuma wanda aka sayo da araha shi ake fara jefarwa a rana ta farko da aka ambaci sunansa da zargi. Sannan mu ma ƴan kallo muna cikin lissafin masu gasar, domin kuɗin haska wasanni a ƙasashenmu yana shiga asusunsu. Sai dai a gidajen kallo awon bai fi na shugabannin gasa kyau ba. Magoyin bayan Arsenal da ya cika unguwa da gori a kan Greenwood, shi ne yake cewa a jira kotu idan aka zo kan nasa ɗan wasan, na United kuma ya juya maganar daidai haka. Laifi tudu ne. Shugabannin ƙungiyoyi sun san da wannan hali sarai, sun san ƙwallo biyu ko uku a raga suna wanke abin da ruwa bai iya wankewa, shi ya sa suke jinkiri har ƙura ta lafa.

A watan Afrilun 2023, wata guda kafin a dakatar da Toney, ƙungiyoyin Firimiya suka amince a tsakaninsu cewa za su cire sunayen kamfanonin caca daga ƙirjin rigunansu. Sun ba kansu wa'adi har ƙarshen kakar 2025/26, wato shekara uku, don kada kwantiragin da aka ƙulla ya lalace. Toney kuwa dakatarwarsa ta fara aiki ne a ranar da aka sanar da ita. Hannun riga da allunan gefen fili ba sa cikin yarjejeniyar.